Giginyar da Ta Fito a Hoton Gauraka

Shekaru sun ɗan ja tun da wannan abu ya faru, kuma ni ba mutum ba ne mai yarda da ƙwaƙwalwarsa sosai. Wasu ranakun sun haɗe mini da wasu. Wasu maganganun kuma ina jin na gyara musu zama ba da sanina ba, saboda yawan maimaita su da na yi. Hotunan ne kawai nake da tabbaci a kansu, domin suna nan a ajiye. Sauran zan faɗe shi yadda ya zauna mini.

A shekarar da na gama hidimar ƙasa na dawo gida Roni, aiki bai samu ba. Ilimin halittu na karanta, amma in faɗi gaskiya, tsuntsayen da na sani a lokacin duk a cikin littafi suke. Kusan kowane mako sai na hau acaɓa zuwa Kazaure don aika takardun neman aiki, kuma kowace takarda tana son ƙaramin hoton fuska. Haka na saba da wani shagon hoto. Abin da ya fara jan hankalina shi ne bangon shagon. Inda wasu ke manna hotunan biki da na suna, shi mai shagon hoton zalɓe ya rataye, yana tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwa.

Mai shagon Kirista ne, daga tsaunukan tsakiyar ƙasar nan ya zo, kuma ya daɗe a Kazaure har Hausarsa ba ta da wani gargada. Kowa Oga yake ce masa, ni ma haka. Duk ranar Asabar bayan la'asar mutum huɗu ko biyar sukan taru a shagonsa, kowa ya kawo abin da ya ɗauka a makon, a buɗe a kwamfuta a duba. Yakan jira mu idar da salla kafin ya kunna. Da ya ga ina yawan tsayawa a gaban zalɓen nan, sai ya ara mini wata tsohuwar kyamara mai dogon gilashi, wadda aka ɗaure murfin batirinta da roba.

Oga ba ya fara cewa hoto ya yi kyau ko bai yi ba. Tambaya yake yi. Ina ka tsaya? Ina rana take? Me ya sa ka latsa a lokacin, ba ka ɗan jira ba? Hotunana na farko da ya gani, ya daɗe yana wuce su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Malam, wutsiyoyi ka kawo mana. Wannan kuma reshen da tsuntsu ya tashi daga kai ne. Reshen ya fito sarai, ba laifi."

Aka yi dariya, ni ma na yi, ko da yake na kwana biyu abin yana cina. Ya koya mini in sa rana a bayana, in fita da sassafe kafin haske ya yi kaifi, in kuma tabbata idon tsuntsun ne ya fito tar, ko da sauran jikin bai fito ba. Amma yadda zan kusanci tsuntsu bai tashi ba, wannan ya ce ba a shago ake koyonsa ba.

Wanda ya koya mini shi wani dattijo ne Bafulatani, abokin mahaifina. Shekaru da yawa shi ke riƙe mana 'yan shanunmu, yana kiwo yana kuma noman gero da gyaɗa. Baffa muke ce masa tun muna yara. Rugarsa tana wani wuri tsakanin Roni da Gwiwa, kuma ba zan ƙara a kan haka ba, dalilin zai fito nan gaba.

Wata safiya ya same ni ina bin balbela a guje a bayan gonarsa, sanye da farar riga. Na durƙusa na gaishe shi. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, har ya tambayi mahaifiyata da ƙafarta, sannan ya dubi rigar.

"Ɗan boko, ɗaurin aure za ka?"

"A'a, Baffa, tsuntsu nake ɗauka."

"To, shi ma ya ɗauka ɗaurin aure za ka, shi ya sa ya ba ka hanya."

Ya ba ni wata tsohuwar taguwarsa mai launin ƙasa. Ya ce tsuntsu ba ya tsoron saniya, saboda haka in shiga tsakiyar shanu in yi tafiya irin tasu, in sun tsaya in tsaya, in sun sunkuya in sunkuya. Kada in nufi tsuntsu kai tsaye, kada kuma in zuba masa ido. In bi ta gefe kamar wani abu ne ya faɗi nake nema. Ya nuna mini wani tsuntsu, zakaran ƙeƙuwa, ya ce shi ne mai tsegumin fadama, in ya ganni ya yi kuka to in zauna kawai, domin kowa ya ji. Da ya lura hannuna yana rawa saboda nauyin gilashin, sai ya kafa sandarsa a ƙasa, ya ce in ɗora a kai, in fitar da numfashi, sannan in latsa. Shi kansa bai taɓa riƙe kyamarar ba. Bai kuma yarda na ɗauke shi ba, ko sau ɗaya.

Cikin 'yan watanni hotunana suka canza. Oga ya tsaya a kan wani hoton carki a bayan saniya, ya ce, "Wa ke koya maka?" Na ce wani makiyayi ne. Ya ce, "Ka riƙe shi da kyau." Amma ya sami wani sabon abin gyara. Ya ce yanzu na iya kusanta, har na fara matse tsuntsu a cikin hoto kamar ɗan fursuna. "Ka bar wa tsuntsu gidansa. Mu ga inda yake zaune, mu ga ruwan, mu ga itacen." Na riƙe wannan magana sosai, wataƙila fiye da yadda ya nufa.

Sai a tsakiyar damina ta biyu Baffa ya nuna mini gauraki. Yanzu nake gane cewa shekara guda ya yi yana auna ni. Muka bi wata siririyar hanya tsakanin gonaki, muka shiga fadama tare da shanu, ruwa yana kai mana ƙwauri. Can ya taɓa kafaɗata. Suna tsaye su biyu a cikin ciyawa, dogaye, baƙaƙe, da fari a fiffike, da tukkun nan mai ruwan zinariya a ka. A ƙafafunsu akwai 'ya'ya biyu masu launin ƙasa, ba su fi 'yan tsaki girma da yawa ba. Ban taɓa ganin gauraka a daji ba sai ranar. Wanda na sani a tsakar gidan wani attajiri yake, an datse masa fiffike.

Baffa ya ce yana yaro garke-garke suke zuwa. Yanzu kuwa, a iya saninsa, waɗannan biyun ne kawai ke sauka a wurin duk damina, don ana kama 'ya'yan tun ba su tashi ba a kai wa masu ajiye su a gida. Sannan ya ce, cikin ƙasa da murya, "Idonka ya gani, ƙarfen nan naka ma ya gani. Bakinka ne bai gani ba." Na ce na ji, kuma na ɗauki alkawari.

Na koma sau uku kafin na sami abin da nake so. Safiya ce bayan ruwan dare, rana tana bayana, iyayen sun juyo gefe ɗaya, 'ya'yan sun fito fili. Na tuna maganar Oga, na ja gilashin baya don in bar musu gidansu. Ruwan ya shigo, ciyawar ta shigo, wata giginya mai karkata ta shigo a bayansu, can nesa kuma wani dutse mai tsaguwa a tsakiya.

Ranar Asabar da hoton ya buɗe a kwamfuta, Oga bai yi tambaya ko ɗaya ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Wannan kam hoto ne." Wani ya tambayi inda na ɗauka, na ce an hana ni faɗa, Oga ya ce hakan shi ne daidai. Aka sa hoton a zauren hirar da mu 'yan Asabar muke da shi a waya, daga nan wasu suka tura wa wasu. Ban rubuta sunan wuri ba, ban gaya wa kowa ba, har mahaifiyata. Ina tuna yadda na koma gida ina ganin na cika alkawari kuma na sami yabo, duka biyu a rana ɗaya.

Bayan kwana uku ko huɗu na kai wa Baffa hoton da Oga ya wanke mini a takarda. Ya riƙe shi nesa da fuskarsa, ya daɗe yana kallo. Ya kira matarsa, wadda muke ce wa Inna, tana can tana kaɗa nono.

"Zo ki ga. Ina ne nan?"

Inna ta leƙo, ko ƙwaryar ba ta ajiye ba. "Karkatacciyar giginya ce mana, inda saniyarka ta maƙale a taɓo bara. Ga dutsen can." Ta juya za ta tafi, sannan ta dawo. "Af, ashe da tsuntsaye a ciki."

Nan take na gane kuskurena. Mu a shago tsuntsu muke kallo, abin da ke bayansa ado ne kawai. Mutumin karkara kuwa da itace da dutse yake sanin hanya, su yake fara karantawa. Duk wanda ya taɓa kiwo ko yankan ciyawa ko farauta a yankin nan, hoton ya gaya masa wurin, ya kuma gaya masa cewa 'ya'yan ba su isa tashi ba.

"Mutum nawa suka gani?" in ji Baffa.

Na ce ban sani ba. Gaskiyar ke nan, kuma ita ce amsa mafi muni.

Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, ina jin da na fi samun sauƙi. Ya ce kawai, "Bakinka bai faɗa ba, na yarda. Ni ne ban san ƙarfen yana da baki ba."

A ranar na wuce Kazaure. Oga ya ajiye aikin da yake yi, ya goge hoton daga zauren, ya bi mutanenmu ɗaya-ɗaya a waya yana roƙon su goge. Amma a wani wuri da aka tura shi, wani ya riga ya rubuta a ƙasa cewa ai ya san giginyar nan. Oga ya ajiye wayar. Ya ce, "Ni na ce ka bar masa gidansa. Ban yi tunanin gidan yana da adireshi ba." Na daɗe ina girmama shi saboda wannan, don babu wanda ya ce ya ɗauki rabin laifin, shi ya ɗauka da kansa.

Na yi tunanin kai magana wurin hukuma, na yi tunanin kafa allo, na yi tunanin abubuwa da yawa marasa amfani. Da na koma ruga bayan kwana biyu, sai na tarar Baffa ya riga ya yi nasa. A damina hanya ɗaya ce tak ke shiga fadamar, wannan siririyar da ke tsakanin gonaki, sauran duk taɓo ne da amfanin gonar mutane. A bakin hanyar akwai wani itacen marke. Baffa ya dawo da turakun shanunsa kusa da wurin, ya kafa 'yar bukka, ya shimfiɗa buzu a gindin marken. Ya zauna.

Bai hana kowa wucewa ba, ba shi da ikon haka, fadama ba tasa ba ce. Abin da ya sani shi ne babu ɗan yankin nan da zai wuce dattijo a zaune bai tsaya ya gaishe shi ba.

Sau ɗaya na gani da idona. Da hantsi wani mutum ya zo a babur, zai yi shekara talatin da wani abu, da kwando mai murfi ɗaure a baya. Da ya hango Baffa sai ya rage gudu, ya kashe babur, ya sauko ya durƙusa.

"Barka da hantsi, Baffa."

"Barka kadai. Ɗan wane gida ne?"

Mutumin ya faɗa. Baffa ya gyara zama kamar an ba shi kyauta. Ashe ya san kakansa, sun taɓa kai shanu kasuwar Babura tare, har ruwa ya tsare su a hanya. Ya tambayi mahaifinsa, ya tambayi baffanninsa ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya rasu da wanda ya ƙaura. Ya sa na kawo nono a ƙwarya. Mutumin ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi. Baffa ya ce kakansa bai taɓa mayar masa da ƙwarya ba. Mutumin ya sha.

"Wannan kwandon fa?"

"Na kaji ne, Baffa."

"Madalla. Kaji kuwa suna cikin gari, ka wuce su."

"A'a, ciyawa na zo dubawa."

"Da kwandon kaji. To, zamani ne."

Mutumin ya yi 'yar dariya yana kallon ƙasa. Aka ci gaba da hira a kan ruwan bana da tsadar taki da ciwon gwiwa, har rana ta take. Da ya ce zai tashi, sai Baffa ya dafa sanda ya miƙe, ya ce bari ya taka masa. Mutumin ya ce don Allah ya zauna, ya hutar da ƙafarsa. Baffa ya ce jikan abokinsa ba zai zo wurinsa ya tafi babu rakiya ba. Ya kama hanyar gari, ba ta fadama ba. Mutumin ya tura baburinsa a hannu, yana biye da tsoho mai ɗingishi, har bakin titi. A can Baffa ya sa masa albarka, ya ba shi saƙon gaisuwa ga mahaifinsa, ya ce a gaya masa a gindin marke suka haɗu.

Ban ji an ambaci gauraka ba ko sau ɗaya a duk zaman. Ba zan kuma iya rantsewa cewa su mutumin ya zo nema ba. Mai yiwuwa ne da gaske ciyawa ce. Inna ta ce mini irinsa sun zo fiye da sau ɗaya, amma ban ƙirga ba, ba na kuma son in faɗi adadin da ban gani ba.

Abin da na gani shi ne abin da zaman ya ci wa Baffa. Wata biyu da wani abu ya yi a wurin. Sauro da ƙudan fadama suka dami shanun, shi ma zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku a cikin bukkar, bai yarda an mai da shi ruga ba. Maimai na gonarsa bai samu yadda ya kamata ba, gyaɗarsa ta waccan shekara ciyawa ta ci rabinta. Na roƙe shi in riƙa zama a madadinsa. Ya dube ni ya ce, "Kai wa zai durƙusa maka? Hannu za su ɗaga maka su wuce." Gaskiya ya faɗa. Saboda haka na ɗauki fartanya na shiga gyaɗar, ko da yake Inna ta ce inda na nome da inda ban nome ba sai an duba da kyau.

Ɗaya daga cikin 'ya'yan gaurakin ya ɓace wajen ƙarshen damina. Ba mu san abin da ya ɗauke shi ba. Baffa ya ce ko shaho ne ko dila, kuma haka daji yake. Ni dai har yau nakan tambayi kaina ko wani ne ya ratso ta taɓo.

Ɗayan ya girma. Ana gab da yankan gero na koma da kyamara, karo na farko tun bayan wancan hoto. Kafin nan Oga ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake buɗe idon kyamara gaba ɗaya, yadda abin da aka saita ne kawai zai fito, duk abin da ke bayansa ya narke. Ya ce in kwanta ƙasa sosai, ciyawa ta zama bango, kada sama ko dutse su shigo. Na kwanta a cikin laka a tsakanin shanu, na ɗora gilashin a kan sandar Baffa da aka kwantar bisa tudun ciyawa. Ɗan gaurakan ya kai kusan tsawon iyayensa, tukkunsa ya fara fitowa kamar sabon tsiro. Na jira har ya juyo idonsa ya kama haske, na fitar da numfashi, na latsa.

Wannan karon ban fara kai wa Oga ba. Inna na fara kai wa. Na durƙusa na miƙa mata, na ce, "Inna, ina ne nan?"

Ta ajiye ƙwarya, ta karɓa, ta juya shi dama ta juya hagu. Ta kai shi haske. Ta ce, "Wannan ai ba wuri ba ne. Tsuntsu ne."

Baffa yana gefe yana gyaran igiya. Bai ɗago ba, amma na ga kafaɗunsa suna motsi saboda dariya.

Bayan kamar mako guda, da safe, muna tsaye a gindin marke, sai muka ji kukansu. Suka taso daga cikin ciyawa su uku, biyu a gaba, ɗaya a baya yana ɗan fama da iska, suka yi arewa. Kyamarar tana rataye a wuyana, ban ɗaga ta ba, kuma ban san dalili ba. Baffa ya bi su da ido har suka ɓace, sannan ya ce in taya shi cire turaku.

Tun daga lokacin, a zaman Asabar, Oga ya ƙara tambaya ɗaya a kan nasa na da, kuma ita yake fara yi: me ke bayansa, wa zai gane shi? Hoton farko yana nan a wurina a cikin ambulan, ban sake nuna wa kowa ba, ko da yake har yanzu ina ganin ban taɓa ɗaukar wanda ya kai shi ba.

Waɗanda suka zauna a shagon nan a waɗancan Asabar ɗin, da waɗanda suka wuce ta gindin marke a waccan damina, wataƙila sun tuna abin ba yadda na tuna shi ba. In na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba, ko na rage wa wani abin da ya yi, ina roƙon a sanar da ni in gyara. Abu ɗaya ne kawai ba na so a gyara mini. Itacen da ke cikin hoton ba giginya ba ne, da gangan na canza shi, kuma wanda ya san ainihinsa don Allah ya bar shi a cikinsa.